Magen mahaifiyata ta mutu a hannuna, ana min dariya don na yi kuka

Daren Laraba saƙon nan ya shigo min daga wata ƙanwata a unguwar Pantami da ke Gombe, ta roƙi in ɓoye sunanta. Na ɗan rage tsawonsa amma maganarta ce:

"Anti salamu alaikum, dan Allah ki ba ni shawara kar ki min dariya irin na mutanen gidanmu. Magenmu ce ta mutu yau sati biyu, sunanta Toka, shekararta 15 a gidan nan. Ta Dada ce mahaifiyarmu, Allah Ya mata rasuwa shekara 2 da suka wuce, tun daga nan ni nake kula da ita da 'yarta Auta mai shekara 12. Wajen wata biyar kenan na lura tana ramewa, tana shan ruwa kaman me, ga fitsari ko ina, na ɗauka tsufa ne kawai. Da ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba sai na jiƙa rabin farasitamol na ɗura mata, washegari fuskarta ta kumbura tana haki, kafin la'asar ta mutu. Na tona rami gindin lemo na binne ta ina kuka, yayyena suna dariya wai ko a kafa rumfa a yi zaman makoki, matar babanmu kuma ta ce imani ne ya min ƙaranci. Anti ni na kashe ta? Ina da zunubi? Ga Auta tana zagaya gida tana kuka cikin dare, ba ta ci sosai, ta daina hawa katanga, tsoro nake ji kar ita ma ta tafi."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, sannu da haƙuri. Allah Ya jiƙan Dada Ya sa Aljanna ce makomarta, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya. Ba zan miki dariya ba wallahi, don ni ma na taɓa zama a tsakar gida da muzuruna a kan cinya yana karkarwa har rai ya fita, ɓeran da aka sa wa guba a maƙwabta ya ci, kuma na fi sati ina jin kaman zan ga ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofar kicin idan na fara soya kifi. Toh na san inda yake miki ciwo.

Bari in fara da maganar imani tunda ita ce na ga ta fi sukar ki. Anas bin Malik yana da ƙane ƙarami ana ce masa Abu Umair, yaron yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, sai tsuntsun ya mutu. Manzon Allah SAW ya shigo gidan ya gan shi cikin damuwa, ya tambaya me ya same shi, aka ce ai tsuntsunsa ne ya mutu, sai ya kira shi da alkunyarsa yana lallashinsa yana tambayarsa labarin ɗan tsuntsun. Asalin hadisin yana Bukhari da Muslim, bayanin mutuwar tsuntsun kuma ya zo a ruwayar Abu Dawud. Ki duba fa, shugaban halitta da ɗawainiyar al'umma gaba ɗaya a kansa, ya tsaya ya kula da ɓacin ran yaro a kan tsuntsu, bai ce masa imaninsa ya yi ƙaranci ba. Ita mage kuma matsayinta a addini ba ɓoyayye ba ne. A Muwaɗɗa ta Imam Malik da ake karantawa a zaurukan garin nan akwai inda Abu Ƙatada ya karkata wa mage ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, matar ɗansa tana kallonsa da mamaki, ya ce mata Annabi SAW ya ce mage ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakaninku. Wato 'yar gida ce. Sahabin da ya fi kowa ruwaito hadisi ma da 'yar kyanwar da yake ɗauka aka masa laƙabi, Abu Huraira. Matar da aka ce ta shiga wuta saboda mage ai ɗaure ta ta yi ta hana ta ci da sha har ta mutu, ke kuwa ciyarwa kika yi, kika share fitsarinta wata biyar ba ki kai ta bola ba. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da jayayya da hukuncin Allah, hawaye kam rahama ce. Binnewar da kika yi ma daidai kika yi, ya fi a jefa ta a kwata ƙudaje da karnuka su bi ta. Ba a mata salla ba a mata zaman makoki, ke ma ba ki ce a yi ba, yayyenki ne suka ƙirƙiro maganar don su ji daɗin tsokana.

Kuma akwai abin da su ba su gani ba ni na gani a saƙonki. Kin ce ta Dada ce. Shekara 13 magen nan ta yi tana kwana a ƙafafun mahaifiyarki, ta san muryarta, ta san lokacin da take tashi asuba, hannun Dada ya shafa bayanta sau nawa Allah kaɗai Ya sani. Da Dada ta tafi, kayan sawarta an raba, ɗakinta ƙila an ba wa wani, abu mai rai guda da ya rage wanda yake ta ne zalla sai maguna biyun nan. Ranar da kika tura ƙasa a ramin nan ba Toka kaɗai kika binne ba, wani yanki na Dada kika sake rabuwa da shi, shi ya sa kukan ya fi ƙarfin abin da mutane suke tsammani. Mu nan idan an yi rasuwa kwana uku, bakwai, arba'in, sai kowa ya watse a ce miki ki yi haƙuri, kukan da ba ki samu kin yi ba yana nan a ajiye yana jiran ƙofa. Wannan ce ƙofar. Ki bar shi ya fita, kar ki ji kunyarsa.

Yanzu tambayarki mai nauyi, ko ke kika kashe ta. Da zan iya ce miki a'a maganin bai yi komai ba da na faɗa don ki samu barci, amma in na ɓoye miki gobe Auta ta ƙi cin abinci za ki sake jiƙa wani rabin, ko wata mai karanta wannan ta yi. Farasitamol guba ne ga mage, babu wani ɗan kaɗan da ya halatta a ba ta. Hantar mutum tana da sinadarin da yake narkar da maganin ya fita da shi, hantar mage ba ta da isasshensa, sai maganin ya juya ya lalata jinin ya kasa ɗaukar iska, shi ne dasashi yake komawa ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya dinga sama-sama. Abin da kika gani kenan. Ƙwaya ɗaya miligiram 500 ce an yi ta ne don babban mutum, mage kuwa duka-duka kilo 3 zuwa 5 ce, balle wadda ta rame, kin ga rabin ma ya wuce misali. Toh eh, alamu sun nuna maganin ne ya gaggauta tafiyarta.

Amma ki tsaya ki ji sauran, kar ki ɗauki rabin magana ki tafi da ita ɗaki. Toka ta jima ba ta da lafiya kafin ranar. Tsohuwar mage da take ramewa tana yawan shan ruwa da yawan fitsari, abu uku likitocin dabbobi suke fara zargi, ciwon ƙoda ko ciwon suga ko kuma wata halitta a maƙogwaro da ake kira tayirod ta fara aiki fiye da ƙima, kuma a cikinsu ciwon ƙoda ya fi yawa ga masu shekarunta. Shi kuma mugun halinsa ba ya nuna kansa sai kusan kashi biyu cikin uku na aikin ƙodar ya riga ya tafi, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa a ja lokaci. Mage mai shekara 15 in a lissafin mutane ne tana wajen 76, don shekara biyun farko ana ƙirga su kaman 24, daga nan kowace shekara kaman 4. Tsohuwa ce tukuf mai ciwo a jiki wadda har ta kai ga barin abinci. A unguwanninmu da mota da guba da jifan yara, mage nawa kika sani da ta kai 15? Ta kai ne don an riƙe ta da kyau, Dada ta riƙe ke kika ƙarasa.

Zunubi kuwa, me kika nufa da kika jiƙa maganin? Sauƙi kika nema mata da abin da kika san yana miki sauƙi idan kanki na ciwo. Ayyuka da niyya suke, kuma ƙarshen Baƙara da muke karantawa kullum roƙo ne kar Allah Ya kama mu da abin da muka manta ko muka yi kuskure. Rashin sani ne, kuma rashin sanin ba naki ba ne ke kaɗai, na rantse miki in kika tambayi mutum goma a layinku tara za su ce su ma farasitamol za su bayar, don a garin nan ilimin kiwon shanu da tumaki da kaji ne ya yaɗu, na mage ba mai koyar da shi. Ki yi istigfari don zuciyarki ta nutsu, ki bar maimaita ranar a kanki kina da na sani, sannan ki juyo ga wadda take raye, don ita ce yanzu take buƙatarki kuma a kanta zan fi tsawaitawa.

Auta shekara 12, wajen 64 kenan a namu lissafin. Zagayen da take yi tana kuka, neman uwarta take, tun da ta buɗe ido tare suke kwana suna lasar juna. Maguna suna jin rashin abokin zama, wata ta rage ci, wata ta dinga bin mutum duk inda ya sa ƙafa, wata ta ɓuya, yawanci cikin makonni zuwa 'yan watanni abin yake lafawa. In akwai tsumman da Toka take kwanciya a kai kar ki wanke shi yanzu kar ki yar, ki bar mata ƙamshin ya gushe a hankali. Lokacin abincinta kar ya canza, wajen kwananta kar ya canza, in ta zo ta hau cinyarki ki bar ta ko da kina sauri, minti biyar ba zai hana ki komai ba. Kuma dan Allah kar wani ya kawo miki 'yar kyanwa wai ta ɗebe mata kewa, tsohuwar mage ba ta son baƙo mai tsalle-tsalle a kanta, ƙara mata damuwa zai yi har ta ƙaurace wa kwanon abinci.

Sai dai kar ki jingina komai ga kewa yadda kika jingina na Toka ga tsufa. Tsufa shi kaɗai ba ya sa mage ta rame ko ta bar ci, in kin ga haka akwai ciwo a ƙasa. Shawarata ta farko wadda ta fi duk sauran, cikin satin nan ki kai ta asibitin dabbobi. Ki tafi da safe kafin rana ta yi zafi, ki sa ta a kwando mai murfi ko kwali mai kauri da aka huhhuda, ki shimfiɗa tsohon zaninki a ciki, ban da buhu, kar kuma ki rungumo ta a hannu cikin keke napep don ƙarar hon ɗaya za ta sa ta fizge ta faɗa titi. In kin je ki nemi likita ne wanda ya saba duba karnuka da maguna, ba mai shagon sayar da maganin kaji ba. Ki gaya masa shekarunta, ki gaya masa yadda uwarta ta yi, ki ce kina son a duba bakinta da haƙoranta a auna nauyinta a yi gwajin jini da fitsari don a ga ƙoda da suga. In abin ya fi ƙarfin kayan aikinsu akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'ar Jos da ta Maiduguri da ABU Zariya, shi likitan zai faɗa miki in ya kai ga haka. Daga nan ki mayar da shi al'ada duk wata shida ko da lafiyarta ƙalau, a haɗa da maganin tsutsar ciki, da allurar rigakafin haukan kare idan lokacinta ya yi, don mage ma tana kamuwa kuma tana iya sa wa mutum.

Ki riƙe wannan da kyau: mage in ta yini ta kwana ba ta sa komai a baki ba, ranar za ki kai ta, ba a jira. Jikinsu ba ya jure yunwa irin na kare, kwana biyu uku ba ci kitse yake taruwa a hanta ya zama wani sabon ciwon a kan na farko.

Maganar katanga da ta daina hawa, yawanci ciwon gaɓoɓi ne, irin wanda yake sa tsofaffinmu salla a zaune. Mage ba ta cika ɗingishi ko raki kaman kare ba, ɓoye ciwo take, sai dai ki ga ta tsaya gaban gado tana kallonsa tana shawara, ko ta bar lasar bayanta gashin ya cukurkuɗe, ko ki taɓa ƙugunta ta yi miki tsawa alhali da ba ta yi. Ki sauƙaƙa mata rayuwa. Inda take son hawa ki sa mata 'yar kujera ta tsugunno ko bulo ta taka biyu maimakon tsalle ɗaya. Ki samu faffaɗan roba mara zurfi ki zuba yashi ki ajiye kusa da inda take kwana, ki dinga kwashewa kullum, don tsohuwa ba za ta iya tafiya bayan gida cikin dare ba, kuma in kin ga ta yi a tabarma kar ki dake ta, ba iskanci ba ne, kasawa ce. Wani amfanin yashin, da idonki za ki ga ko fitsarin ya ƙaru ko kashin ya yi tauri. Ki sa tsohon buroshi mai laushi ki dinga taje mata gashi, nan ne ma hannunki zai ji in akwai ƙari a jikinta, musamman wajen nonuwa, don ƙarin nono a tsohuwar mage mafi yawansa mugu ne kuma gara a gan shi yana ƙarami. Ki duba faratanta, na tsofaffi suna kauri su lanƙwashe har su shige tafin ƙafa tunda ta rage kartar itace, likita zai nuna miki yadda ake rage tsinin ba tare da an taɓa jijiya ba. Akwai maganin ciwon gaɓoɓi da aka yi don maguna, amma sai likita ya duba ƙodarta kafin ya rubuta. Duk wani maganin ciwon jiki na mutane, ibufurofen ne, diklofenak ne, na shafawa ne, ki nisanta shi da ita kaman yadda za ki nisanta farasitamol.

Sai yanayin garinmu. Hunturu daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba yana shiga ƙashin tsofaffi, ki sa mata kwali da tsohon bargo a cikin ɗaki inda iska ba ta bugawa, kar ta kwana kan siminti. Bazara kuma, Maris da Afrilu da zafin Gombe yake kai 40, ruwa ne rayuwarta. Asalin maguna dabbobin sahara ne, ba su cika jin ƙishi da wuri ba, shi ya sa sai an ja hankalinsu. Ki ajiye ruwa wuri uku ko huɗu a gidan, a faffaɗan mazubi don ba sa son gashin bakinsu yana gogar gefe, kasko ya fi don yana riƙe sanyi kaman randa, ki canza safe da yamma, kuma kar ki haɗa shi waje ɗaya da robar yashi. In kin ga kaskon yana ƙarewa da sauri fiye da da, kar ki ce madalla tana shan ruwa, alamar da Toka ta nuna miki kenan.

Abinci kuma nan ne muke yawan kuskure da kyakkyawar niyya. Mage ba kaman kare ba ce da zai rayu da tuwo, ita maciyar nama ce zalla, akwai wani sinadari da ake kira taurine wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshe sai daga nama, rashinsa yana taɓa ido da zuciya. Lokacin ƙuruciya tana cike giɓin da ɓera da ƙadangare, yanzu da ba ta iya farauta abin da kika zuba mata shi ne kawai. Na san halin da ake ciki, nama ya yi tsada ba na ce ki sayi kilo don mage ba. Idan za a ɗora tukunya ki cire mata nata tun kafin a sa gishiri da magi da kayan miya, ɗan naman kaza ko ƙundu da zuciya, ko kifin dam ɗin Dadin Kowa ɗanye ki dafa shi da ruwa zalla ki zare ƙayar tsaf, ko dafaffen ƙwai, ki farfasa ki zuba romon a kai ya yi ruwa-ruwa. Hanta kaɗan sau ɗaya a sati ta isa, yawanta yana cutarwa. Albasa da tafarnuwa suna fasa ƙwayoyin jininta ko dafaffu ne, kin ga ragowar miyarmu da romon farfesu da tsire mai yaji ba nata ba ne. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke ta. Madara da muke ganin gata ce, yawancin manyan maguna ba sa iya narkar da ita, zawo take sa su, zawo kuma ga tsohuwa mai raunin ƙoda ba ƙaramin abu ba ne. Sardin na gwangwani da busasshen kifi gishiri ya musu yawa, kar su zama na kullum. In kina da halin sayen abincin maguna na kanti ki nemi na tsofaffi, busasshen ki jiƙa shi da ruwan ɗumi. Ki ɗan ɗumama abincin kafin ki ba ta don hancin tsofaffi yana raguwa kuma mage da hanci take ci, ki ba ta kaɗan-kaɗan sau huɗu ko biyar maimakon tuli ɗaya. In kin ga ta zo da marmari ta sa baki sai ta ja da baya, ko tana tauna da gefe ɗaya, ko miyau na zuba baki na wari, haƙori ne, kuma ana gyara shi ta dawo tana ci kaman ba ita ba. In gwaji ya nuna ƙoda ce likita zai canza mata tsarin abincin, ki bi nasa ki ajiye nawa.

Wata dabara mai sauƙi, duk farkon wata ki hau sikeli da ita a hannu, ki sauke ta ki sake hawa ke kaɗai, ki cire ki rubuta a waya. Idon da yake ganinta kullum ba ya lura da rama sai ta yi nisa, amma lamba ba ta ɓoyewa, kuma ga dabba mai kilo 4 ko rabin kilo ta rasa abu ne babba.

Abin da ya kashe min nawa muzurun shi ne nake so ki fi tsoro a cikin gida. Shinkafar ɓera da duk wata guba da ake barbaɗawa a lungu, ki roƙi mutanen gida da maƙwabta na kusa su gaya miki in za su sa. Fiya-fiya da maganin sauro na fesawa, a fitar da ita da kwanukanta kafin a fesa, kar ta koma sai ɗakin ya sha iska, don abin da ya sauka a gashinta lashe shi za ta yi. In ƙuma ta kama ta kar a shafa mata kalanzir ko maganin kaskar shanu ko na karnuka, da yawansu suna da sinadarin da yake sa mage karkarwa da farfaɗiya har ta mutu, a karɓo wanda aka rubuta na mage ne.

Kukan dare in ya wuce wata ɗaya bai ragu ba ki sake gaya wa likita, don kurumta tana sa su ɗaga murya, hawan jini ma haka, wasu kuma ruɗewar tsufa ce irin ta mutane. In wata rana kika ga baƙin idonta ya buɗe ƙwarai ko cikin haske, tana karo da kaya, ranar ki kai ta, hawan jini yana makantar da su farat ɗaya kuma in an yi sauri wani lokacin ana ceto ganin. Ko da ta makance za ta rayu lafiya in ba a sauya mata wuraren kaya ba.

Akwai kuma abin da nake jin tsoro daga irin gidan da kika kwatanta, ranar da Auta za ta fara ɓata waje wani ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari ko kasuwa a sake. Ana yi a garin nan kuma ni ina ganin zalunci ne tsagwaronsa, dabbar da ta shekara 12 tana ci a hannun mutum ba ta san hanyar neman abinci ba, yunwa da karnuka ne za su ƙarasa ta. Tun yanzu ki samu Baba shi kaɗai lokacin da hankalinsa yake kwance, ki gaya masa amanar Dada ce kina roƙon a bar miki ita a ɗakinki, ɗawainiyarta da sharar ta a wuyanki. In ya amsa, maganar sauran ta zama iska. Yayyenki kuma kar ki tsaya musu, in sun tsokane ki ki ce magen Dada ce ki yi shiru, za ki ga wanda zai sunkuyar da kai, don su ma uwarsu ce. Matar babanku ki girmama ta kaman kullum, ba sai kin gamsar da ita ba.

Ke kanki kuma ki kula. Kuka da rashin walwala na 'yan makonni ba komai, amma in kin ga wata ya wuce ba kya barci ba kya cin abinci kin daina fita harkokinki, ki samu wata babba da kika yarda da ita, goggonki ko ƙanwar Dada, ki zauna ki yi maganar Dada da ita har ki gaji, in bai sauka ba ki je asibiti ki ga likita, ba abin kunya ba ne. Sa'ad bin Ubada da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi Annabi SAW wace sadaka ce ta fi, aka ce masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya ya ce ta mahaifiyarsa ce. Ke ba sai kin haƙa rijiya ba, kasko ɗaya a ƙofar gida ki cika shi kullum da niyyar ladan ya kai ga Dada, magunan unguwa da tsuntsaye su sha, tunda an ce a kowace hanta mai danshi akwai lada.

Ki kai Auta ranar Litinin in Allah Ya kai mu, ki tafi da kwalin da zanin kaman yadda na ce, abin da gwajin ya nuna ki rubuto min in ji. Ki gaida Baba.